Ummu Kulsum: Mawaƙiyar Masar da ta shafe shekara 50 tana rera ciwon bege

A ranar 3 ga Fabrairun 1975 ne Allah Ya yi wa fitacciyar mawaƙiyar ƙasar Masar, Ummu Kulsum, rasuwa a birnin Alƙahira. Tun daga lokacin an yi mawaƙa masu yawa a ƙasashen Larabawa, sun tashe sun lafa, amma har yau da wuya mutum ya ratsa kasuwa ko ya shiga motar haya a Alƙahira da daddare bai ji muryarta tana tashi daga wani lungu ba. Larabawa sun yi mata laƙabi da Tauraruwar Gabas. Misirawa kuwa idan suka ce Uwargida, ba tare da sun ƙara wani suna ba, kowa ya san wadda suke nufi.

Ta rera waƙoƙi kusan 300. A cikinsu akwai na yabon Manzon Allah (SAW), akwai na kishin ƙasa, amma mafi yawansu a kan soyayya suke. Soyayyar ma wani nau'i ne na musamman, wato wadda ta riga ta zama jaraba, mai ita ya san tana cutar da shi, ya sha ɗaukar alwashin dainawa, amma ya kasa. Wasu daga cikin mutanen da suka tsara mata waɗannan waƙoƙi sun rayu da irin wannan ciwo a kanta ita kanta, kuma miliyoyin masu sauraro sun shaƙu da muryarta shaƙuwar da wasu masana suka kai ga kwatanta ta da maye.

'Yar liman a cikin kayan maza

An haife ta a ƙauyen Tamay al-Zahayra da ke lardin Daƙahliyya, a yankin da Kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Marubuta tarihinta sun kasu biyu a kan shekarar haihuwarta, wasu suna cewa 1898, wasu kuma 1904. Mahaifinta, Shehu Ibrahim al-Baltaji, limamin masallacin ƙauyen ne, talaka mai ƙaramin ƙarfi, wanda yake ƙara samun abin sawa a bakin salati ta hanyar rera ƙasidun yabo a wuraren Mauludi da bukukuwan aure.

Ba ita aka yi niyyar koya wa wannan sana'a ba. Yayanta Khalid mahaifin yake zaunarwa yana biya masa ƙasidu, ita kuma tana gefe tana kasa kunne, har wata rana aka ji tana maimaita su daidai, da murya mai ƙarfin da ya fi jikinta. An sa ta a makarantar allo, inda ta koyi Alƙur'ani da fitar da kowane harafi daga mafitarsa. Wannan horo ya bi ta har ƙarshen rayuwarta, domin ko masu sukarta sun yarda cewa ba a taɓa rasa jin kalma ɗaya a bakinta ba, komai tsawon waƙa.

Da mahaifin ya fara yawo da ita ƙauyuka, sai ya riƙa sa mata kayan maza irin na Larabawan ƙauye, da mayafin kai da igiyarsa, saboda kunyar a ce liman ya fito da 'yarsa gaban jama'a. Sun yi shekaru suna tafiya a ƙasa, ko a kan jaki, ko a taragon talakawa na jirgin ƙasa. A wannan yawo ne manyan masana waƙa biyu suka ji ta, Shehu Abul Ila Muhammad da Zakariyya Ahmad, suka ba iyalin shawarar su nufi babban birni. Wajen shekarar 1923 suka tare a Alƙahira.

Birnin bai karɓe ta hannu bibbiyu ba da farko. An yi ta yi mata dariyar ƙauyanci, ga shi tana tsayawa ita da mahaifinta da 'yan'uwanta masu rawuna suna amshi ba tare da kayan kiɗa ba, a lokacin da mawaƙa irin su Munira al-Mahdiyya suke cin kasuwarsu. Shehu Abul Ila ya ci gaba da koya mata tsoffin ƙasidu. A 1926 ta yanke shawara mai wuya: ta sallami 'yan'uwanta daga bayanta, ta ɗauki ƙwararrun makaɗa, ta sauya sutura. Bayan shekara biyu, faifan garmahonta na waƙar In Kunt Asamih ya yi kasuwar da ba a saba gani ba a Masar. Wanda ya rubuta waƙar shi ne Ahmad Rami, wanda ya yi mata kiɗa kuma Muhammad al-Ƙasabji. Waɗannan mutum biyu ba su sake rabuwa da ita ba sai da mutuwa ta raba.

Ahmad Rami, marubucin da so ya ɗaure

An haifi Rami a 1892. Ma'aikacin babban ɗakin karatu na ƙasa ne da ke Alƙahira, kuma gwamnati ta tura shi birnin Paris, inda ya karanci aikin ɗakin karatu da harshen Farisanci. Shi ne ya fassara baitocin Umar Khayyam daga Farisanci zuwa Larabci, fassarar da Ummu Kulsum ta rera wani ɓangare nata a 1950. Da ya dawo gida a 1924 sai ya ji labarin wata yarinya 'yar ƙauye tana rera wata ƙasidarsa da Shehu Abul Ila ya sa wa kiɗa. Ya je ya saurare ta. Daga wannan dare zuwa rasuwarta shekara 50 ke nan da ɗoriya, kuma a tsawon lokacin ya rubuta mata kusan rabin dukkan waƙoƙinta.

Shi ne ya zama malaminta na adabi. Ya riƙa kai mata diwanan mawaƙan Larabawa na da, suna karantawa tare, har ta kai ga iya zaɓar baiti da kanta, ta kuma nemi marubuci ya sauya mata kalmar da ba ta kwanta mata ba. Saboda ita ya sauko daga Larabcin littafi ya koma rubutu da Larabcin Misirawa na yau da kullum, amma ya ɗaga shi ya sa masa ladabi da taushi irin na ƙasida.

Son da Rami yake yi mata ba ɓoyayyen abu ba ne a Masar, kuma kowa ya san ba ta mayar masa da irinsa ba. Ta girmama shi, ta riƙe shi aboki na kusa, amma ba ta aure shi ba. Ya yi aurensa ya haifi 'ya'ya, ita ma daga baya ta yi nata, duk da haka bai daina zama a cikin masu sauraronta ba, bai kuma daina kai mata takarda ba. Hausawa na cewa son maso wani ƙoshin wahala. Abin da ya bambanta Rami da sauran masu wannan hali shi ne, duk wahalar da ya sha sai ya rubuta ta, ya miƙa wa wadda ta jawo ta, ita kuma ta tsaya gaban dubban mutane ta rera masa abinsa yana zaune yana ji.

Wanda ya bi waƙoƙin da ya rubuta mata ɗaya bayan ɗaya zai ga kamar bayanin matakan cuta guda yake karantawa. Akwai ta mai kwana ido biyu shi kaɗai yana zance da hoton da ke zuciyarsa. Akwai ta wanda ya fara samun sauƙi sai masoyin ya dawo ya fama masa miki. Akwai ta mai kukan zalunci wanda kuma yake neman yardar azzalumin nasa. A ƙarshen shekarun 1950 ta rera biyu da suka fi fito da al'amarin fili. Awwidt Eini a kan sabo take, yadda gani da ji na yau da gobe suke zama abin da rai ba ya iya yini babu shi. Hagartak kuma labarin wanda ya yi ƙaura don ya manta ne, sai ya tarar ƙoƙarin mantawar ma wata hanya ce ta tunawa. Mai magana a waɗannan waƙoƙi ba ya neman a ba shi magani, domin zafin da yake ji ya zame masa shaidar cewa har yanzu akwai abin da ya haɗa shi da masoyin. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, amma a bakin Ummu Kulsum mai turken ya san da turkensa sarai, yana kuma lallaɓa shi.

Kujerar al-Ƙasabji

Labarin Muhammad al-Ƙasabji ya fi na Rami ban tausayi. Sa'an Rami ne, gwanin kaɗa ud, wato garayar Larabawa, kuma yana cikin waɗanda suka sabunta kiɗan Masar. Shi ya gina mata sunanta na farko, ya kuma yi mata Raƙƙ al-Habib, wadda masana ke lissafawa cikin manyan ayyukan kiɗan Larabawa. Ummu Kulsum ta fito a fina-finai shida tsakanin 1936 da 1947, kuma bayan na ƙarshensu, mai suna Fatma, ba ta sake karɓar sabon kiɗa daga hannunsa ba. Ta karkata ga Riyad al-Sunbati, wanda ya zama babban mai tsara mata kiɗa.

Wani a matsayinsa da ya tattara kayansa ya nemi wata mawaƙiyar. Al-Ƙasabji ya zaɓi ya zauna a bayanta a matsayin makaɗi, yana kaɗa abin da wasu suka tsara, cikinsu har da waɗanda suka taso a bayansa. Ya yi kusan shekara 20 a haka har ya rasu a 1966. Bayan rasuwarsa an daɗe ana barin kujerarsa a bayanta babu kowa a kai.

Ita ma ba ta tsira daga ɗacin so ba. A shekarun 1940, bayan Sarki Faruk ya ba ta wata babbar lambar girma da aka saba ba matan gidan sarauta, kawun sarkin, Sharif Sabri Pasha, ya nemi aurenta. Gidan sarauta ya ƙi, don a ganinsu komai ɗaukakarta 'yar manoman ƙauye ce mai waƙa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma ya zo kusa da rasuwar mahaifiyarta da kamuwarta da wata cuta ta maƙoƙo wadda ta shafi idanunta. Wannan cuta ce ta kai ta jinya Amurka, ita ce kuma dalilin baƙin tabarau da aka san ta da shi. Sai a 1954 ta auri likitan fata, Dokta Hassan al-Hifnawi, wanda yake cikin masu sauraronta na gani-kashe-ni. Sun zauna tare har ƙarshen rayuwarta, Allah bai ba su haihuwa ba. Ta tsare sirrin gidanta matuƙa, ba ta yarda 'yan jarida su leƙa shi ba.

Daren Alhamis

A 1934 aka buɗe gidan rediyon gwamnatin Masar, kuma tana cikin waɗanda suka yi waƙa a bikin buɗewar. Bayan 'yan shekaru aka soma al'adar da ta ɗore har farkon shekarun 1970: duk Alhamis ɗin farko ta wata, a lokacin kakar wasanninta, takan yi waƙa a gaban jama'a a Alƙahira, rediyo kuma ya watsa kai tsaye. A irin wannan dare tituna kan yi tsit, masu shaguna su rufe da wuri, iyalai su kewaye akwatin rediyo, gidajen shayi su cika maƙil, daga Maroko har Iraƙi.

Waƙa biyu ko uku kawai takan rera, amma sai a kai tsakar dare har a wuce, domin guda ɗaya kan ci sa'a ɗaya ko fiye. Makaɗa sukan fara da doguwar shimfiɗa tana zaune, jama'a suna jira. Sannan ta miƙe, da adikon siliki a hannu, ta kama baiti. Idan baitin ya taɓa mutane sukan yi shewa su roƙi ta sake, ita kuma ta sake shi ta wata hanyar daban, ta ja wani harafi, ta sassauta murya a inda ɗazu ta ɗaga, ta riƙe ƙarshen baitin ta ƙi sauke shi har sai numfashin zauren ya ɗauke. Takan maimaita layi guda sau da yawa ba tare da biyu sun zo iri ɗaya ba.

Larabawa suna kiran halin da mai sauraro ke shiga a nan da suna tarab, wato wani shauƙi da ke haɗa daɗi da baƙin ciki har mutum ya manta inda yake. Dabarar da take bi ta yi daidai da abin da waƙoƙin ke faɗa. Baitin yana zancen jira da ja-in-ja da biyan buƙatar da ba ya ƙosarwa, ita kuma tana sa mai sauraro ya jira, ta ba shi kaɗan, ta janye, ya roƙa. Da an tashi sai a fara ƙirga kwanakin wata mai zuwa. Marubucin nan da ya ci kyautar Nobel, Najib Mahfuz, har sunanta ya sa wa 'yarsa.

Asalin wannan harshe na bege ba baƙo ba ne ga Bahaushen da ya tashi yana jin Burda a wurin Mauludi. Tsohuwar al'adar ƙasidar Larabci ce a buɗe da kukan masoyi, da rashin barci da hawaye da zargin masu zargi, kafin a juya zuwa yabon Manzon Allah (SAW). A kan wannan turba Ummu Kulsum ta taso, kuma a 1946 ta koma mata da ƙasidun Ahmad Shauƙi irin su Nahj al-Burda, wadda ya tsara a kan salon Burdar Imam Busiri. Kamar yadda kalmar bege a Hausa take ɗaukar ma'anar duka biyu, haka masu sauraronta da yawa suka riƙa jin waƙoƙinta na soyayya da kunnen masu zikiri, wasu kuma da kunnen masu kewar gida ko ƙasa.

Siyasa da zargin sa maye

Bayan juyin mulkin 1952 an ɗan dakatar da sa waƙoƙinta a rediyo saboda ta yi wa tsohon sarki waƙa, amma Jamal Abdul Nasir, wanda mai sauraronta ne tun yana hafsan soja, ya sa aka janye matakin. Daga nan muryarta da tasa suka zama tagwaye a gidan rediyon Sautul Arab. A 1964 ta haɗu a karon farko da babban abokin gasarta, Muhammad Abdul Wahab, a waƙar Inta Omri, wadda aka sa wa jita mai amfani da lantarki. Ta kuma karɓi kiɗan matashi Baligh Hamdi don ta riski sabon zamani. A 1966 ta rera Al-Atlal, ƙasidar likita Ibrahim Naji da kiɗan Sunbati, wadda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar aikinta. Mai magana a cikinta yana tsaye a kan kufan soyayya, yana kallon ta a matsayin ɗauri, yana son kuɓuta, yana kuma kewar ɗaurin.

Shekara guda bayan haka Isra'ila ta ci Masar da ƙawayenta a yaƙin kwana shida na Yunin 1967. A cikin neman dalilin wannan faɗuwa, wasu marubuta da 'yan boko suka juya kanta. Suka ce waƙoƙinta sun zame wa Larabawa abin sa maye, sun koya musu jin daɗin kuka da miƙa wuya ga ƙaddara, suna kwana suna lumshe ido a kan baiti guda alhali abokan gaba suna shiri. Zargin ya yi tsauri, domin mawaƙiya ba ita ke tsara dabarun yaƙi ba. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsa ba ta mutu ba, kuma ta shafi duk al'ummar da waƙoƙin soyayya suka cika kunnuwan matasanta: shin waƙar da ta ƙawata dogaro ga wanda ba ya sonka tana rage wa mai ciwo raɗaɗi ne, ko tana hana shi warkewa? Masu kare ta suna cewa ta ba miliyoyin mutanen da al'ada ta hana su furta abin da ke ransu kalmomin da za su yi kuka da su cikin mutunci.

Ita dai ba ta tsaya cacar baki ba. Ta ba da kayan adonta, ta shiga zagayen ƙasashe tana waƙa tana zuba kuɗin a asusun sake gina rundunar Masar. A Nuwamban 1967 ta yi dare biyu a zauren Olympia na birnin Paris. Ta je Maroko da Tunisiya da Kuwait da Libiya da Labanan, gwamnati kuma ta ba ta fasfo irin na jakadu. A Disamban 1968 ta sauka Sudan, ta yi waƙa a Omdurman, kuma bayan wannan ziyara ta zaɓi ƙasidar wani malamin makaranta ɗan Sudan, Alhadi Adam, ta rera ta a 1971 da sunan Aghadan Alƙak. Hausawan da suka zauna a Sudan da Saudiyya, da ɗaliban da suka yi karatu a Azhar, sun san wannan murya tun tana raye. A Satumban 1970 tana birnin Mosko tana shirin wasa labarin rasuwar Nasir ya iske ta, ta fasa ta komo gida.

Ƙarshen tafiya

Ciwon ƙoda ya matsa mata a farkon shekarun 1970. A 1972 ta rera Ya Msaharni, wadda Rami ya rubuta yana da shekara 80, kuma har a lokacin zancen bai sauya ba: mai kwana ido biyu ne yake kiran wanda bai damu da shi ba. A Janairun 1973 ta yi wasanta na ƙarshe a gaban jama'a.

An yi jana'izarta ranar 5 ga Fabrairun 1975, daga Masallacin Umar Makram da ke Dandalin Tahrir. An ƙiyasta mahalarta da miliyoyi. Jama'a suka karɓe makarar daga hannun jami'ai, suka yi ta miƙa ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa na tsawon sa'o'i har Masallacin Husaini, kafin a samu a kai ta makwancinta a maƙabartar Basatin. An rushe gidanta na unguwar Zamalek daga baya, amma a 2001 gwamnati ta buɗe gidan tarihi da sunanta a tsibirin Rauda, inda aka ajiye rigunanta da tabaranta da adikanta da takardun waƙoƙinta.

Ahmad Rami ya yi mata marsiyya, daga nan ya ajiye alƙalami kusan gaba ɗaya. Ya shafe sauran shekarunsa shida cikin ƙunci da kaɗaici a gida, har ya rasu a 1981. Allah Ya jiƙansu, Ya gafarta musu kurakuransu.